Tashar Kano da Tambayar "Ɗan Ina Ne?"

A shekarar 1911, zamanin Sarki Abbas, layin dogo ya iso Kano, kuma a 1912 aka buɗe shi ga fasinja da kaya. Turawa ba su shigar da tashar cikin birni ba. Sun kafa ta a bayan ganuwa, ta gabas, a gefen Fagge, inda tun kaka da kakanni ayarin Buzaye ke sauke gishiri su hutar da raƙuma. Auduga suke kwaɗayi domin masaƙun Ingila, sai manoman Kano suka ba su gyaɗa, har buhuna suka riƙa taruwa dala-dala a bakin dogo suna jiran tarago. Labarin gyaɗa an sha ba da shi. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne mutanen da jirgin ya riƙa saukewa, da yadda zuwansu ya sauya ma'anar wata tambaya da Kanawa suka daɗe suna yi wa duk sabuwar fuska: ɗan ina ne?

Ba jirgi ne ya koya wa Kano karɓar baƙo ba. Wanda ya zaga cikin birni yana sauraron sunayen unguwanni zai ji garuruwan duniya a bakin yara masu talla: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Dandalin Turawa inda Larabawan Gadamus da Tarabulus suka zauna, Ayagi inda Yarbawa suka sauka tun kafin a ga Bature. Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14, malaman Madabo kuma daga cikinsu suke jawo salsalarsu. Sharifai suna danganta kansu da Shehu Magili, wanda ya zo zamanin Muhammadu Rumfa. Gidan sarautar ma na Sulluɓawa ne tun hawan Ibrahim Dabo a 1819, ga Yolawa da Joɓawa da Dambazawa da Danejawa kowa da sarautarsa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya manta inda ya fito, babu kuma wanda wani ya isa ya ce masa ba Bakano ba ne.

A wancan zamani tambayar asali ta neman masauki ce. Baƙo ya iso ƙofar gari da jakunansa, a tambaye shi daga ina, ya faɗa, sai a haɗa shi da yaro ya kai shi unguwar mutanensu ko gidan fatoman da ya saba saukar da 'yan ƙasarsu. Fatoma ya ba shi ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan an yi rikicin bashi. In baƙo ya yi shekara biyu uku ya ga wuri ya karɓe shi, sai ya nemi aure, a bincika halinsa da sallarsa da sana'arsa, a ba shi. Ɗansa zai tashi da Hausar Kano a baki, jikansa kuwa sai dai a ji ana cewa ai su asalinsu Barebari ne, kamar yadda ake faɗar sana'ar gida. Agalawa ta haka suka zama Kanawa, bayan kakanninsu sun gangaro daga ƙasashen Buzaye sun kama fataucin goro zuwa Gwanja. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, daga cikinsu ya fito. Ya yi fataucin goro a Kumasi da Ankara kafin ya dawo gida, kuma a 1918 kamfanin Neja ya ɗauke shi wakilin sayen gyaɗa. Kafin rasuwarsa a 1955 babu sunan da aka fi haɗawa da dalar gyaɗar Kano kamar nasa.

A gidan da na tashi a Fagge, kakata ce ma'ajiyar irin wannan labari. Bayan sallar isha'i, idan an kashe wutar murhu an baje tabarma a tsakar gida, takan zauna tana ɓarar gyaɗa a faifai tana jero mana mutane. Ta ce mahaifinta da ayari ya zo daga Agadas, ciwon ƙafa ya hana shi komawa, da ya warke kuma aure ya riƙe shi. Mahaifiyarta Banufiya ce, ita ta koya mata kitso da sayar da kayan koli. Mijinta, wato kakanmu, daga ƙasar Katagum ya zo cin rani, ya samu aikin lebura a Reluwe yana ɗora buhu a tarago, bai sake komawa noma ba. Ba ta fifita wani a kan wani, ba ta rage muryarta idan ta zo kan wanda ya zo da talauci. Takan kama haɓar yaro ta juya fuskarsa wajen fitila ta ce, "Kai hancin Buzaye ka ɗauko," ko ta ce da wata, "Ke kam Nufawa sun biyo bashinsu." Da yatsa ta koya mana karanta fuskokin tsofaffin unguwa: wannan zanen na Gobirawa ne, wancan dogaye na Barebari, wannan bille ne, waccan 'yar baka ce. A lokacinta aska ta wanzami ce ke rubuta asalin mutum, kowa kuma ya iya karatun.

Jirgi ya kawo baƙi irin waɗanda tsohon tsarin bai saba da su ba, ya kuma kawo su da yawa a lokaci guda. Reluwe da kamfanonin Turawa suna bukatar akawu da tafinta, masu buga waya, direbobi, kafintoci, makanikai. Waɗanda suka yi boko a lokacin mutanen Saliyo ne da na Gwalkwas da Yarbawan Legas da Abekuta, daga baya kuma, bayan an haɗa layin Fatakwal da na Kaduna a ƙarshen shekarun 1920, Ibo suka riƙa zuwa da yawan gaske. Ga Kwara, wato Larabawan Sham da Labanan, waɗanda aka yanka wa fili kusa da tasha, inda yanzu Kantin Kwari yake. A 1913 gwamnatin mulkin mallaka ta shata Sabon Gari domin baƙin Kudu da na ƙasashen gaɓar teku, ta ware shi daga ikon Sarki, ta ba shi dokarsa da kotunsa. Sai a 1940 aka mayar da shi ƙarƙashin En'e. 'Yan Arewa da ba Kanawa ba aka nuna musu Fagge da Tudun Wada da Gwagwarwa, Turawa kuma suka keɓe kansu a Nasarawa da Bompai. Kowa da akurkinsa, an shata da ma'auni a kan taswira.

Har yau sunayen titunan Sabon Gari suna faɗar inda mazaunansa suka fito: titin Yoruba, titin Ibo, titin Abeokuta, titin Enugu, titin Warri, titin Gold Coast. A ido, wannan bai bambanta da Tudun Nufawa ko Zangon Barebari ba. Bambancin yana cikin abin da ya biyo baya. Bayaraben da ya sauka a Ayagi jikokinsa Kanawa ne, suna cikin malamai da 'yan kasuwar birni, ba mai tambayarsu takarda. Bayaraben da jirgi ya sauke a 1920 ya kama ɗaki a Sabon Gari, jikan jikansa har gobe baƙo ake ce masa. Za a ce addini ne, kuma lallai addini yana ciki, domin tsohuwar hanyar zama Bakano ta masallaci da aure take bi, mafi yawan sababbin zuwa kuwa Kirista ne. Amma Yarbawan Sabon Gari da yawa Musulmi ne, da masallatansu da makarantunsu na Ansaruddin, su ma ba su tsira daga sunan baƙunta ba. Abin da ya raba su da mutanen Ayagi shi ne an sauke su a wurin da aka gina da niyyar kada a cuɗanya. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba, a kan wannan zato aka kafa Sabon Gari: ma'aikaci zai yi aikinsa ya tara abin da ya tara ya koma garinsu. Ga shi an haura shekara 110 raɓar ba ta bushe ba.

Duk da shingen, jirgin da kansa ya zama wurin da mutane suka fi sanin juna. Wanda ya taɓa shiga tarago mai araha daga Kano zuwa Legas, tafiyar da ta haura kilomita 1,100, ya san abin da nake nufi. Benci na katako, huhun goro da buhun albasa a ƙarƙashin ƙafa, buta a rataye, jariri yana kuka, zafin ƙarfe yana dukan ƙeya. Kafin a wuce Challawa an gama gaisawa, kafin a kai Zariya an san sunan kowa. "Baba, daga ina?" "Inna, ina aka nufa?" Da zarar mutum ya faɗi garinsu sai a nemo abokin wasansa a cikin taragon. Bakano ya samu Bazazzagi, Bafulatani ya samu Babarbare kowa yana cewa ɗayan bawansa ne, Bakatsine ya tsokani Banufe, Bagobiri ya ce da 'yar kasuwar Offa ta miƙo kuɗin shara tunda ya kama ta. Ana dariya ana miƙa wa juna ƙosai da rake, a Minna a sayi doya, a Jebba a leƙa taga a kalli kogin Kwara. Wasan nan ba shirme ba ne. Hanya ce da magabata suka samo ta ambaton tsohon yaƙi ko tsohuwar gaba ba tare da an zare wuƙa ba, kuma sai ka san asalin mutum kake iya yi masa shi.

Jirgin da ya hauro da 'yan Kudu shi ya gangara da namu. Mahauta da dillalan shanu da 'yan goro suka bi dogo suka kafa Sabo a Ibadan a 1916, suka cika Agege, suka yi sarakunan Hausawa a garuruwan da kakanninsu ba su taɓa jin sunansu ba. Zungeru, wadda ke kan wannan layi, can aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904, can kuma aka haifi Odumegwu Ojukwu a 1933. Azikiwe da Hausa ya fara wayo.

Sai ranakun da tambayar ta koma abin tsoro. A watan Mayun 1953, bayan taƙaddamar neman mulkin kai a majalisar Legas da ihun da aka yi wa wakilan Arewa, zuwan tawagar ɗan siyasar Kudu Akintola Kano ya tayar da faɗa na kwana huɗu tsakanin Sabon Gari da Fagge da birni, aka rasa rayuka fiye da 30. Na 1966 ya fi muni nesa ba kusa ba. A ranar 1 ga Oktoba ta wannan shekara sojojin bataliya ta biyar suka yi tawaye, suka bi Ibo suna kashewa a filin jirgin sama da Sabon Gari da wannan tasha, inda mutane suka taru da 'ya'yansu da ƙullin kayansu suna jiran jirgin da zai kai su Gabas. Dandamalin da ya karɓi iyayensu shi ya zama wurin ajalinsu. Ba na jin daɗin rubuta wannan, amma wanda zai ba da tarihin tashar Kano ya tsallake wannan rana bai yi wa tarihi adalci ba. Tsofaffin Fagge suna kuma ba da labarin waɗanda suka ɓoye maƙwabtansu a ɗakunan matansu, suka sa musu riga da hula suka fitar da su da dare. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a Janairun 1970 Ibo suka dawo, da yawansu suka karɓi gidajensu, Sabon Gari ya sake cika. Mutum ba ya komawa inda aka zubar da jinin ɗan'uwansa sai in wurin ya riga ya zama gida a zuciyarsa.

A yau zane ya ɓace daga fuskokin yara, jirgi ya ja baya tun da tireloli suka ƙwace masa kaya, dalar gyaɗa ta zama hoto. An gyara tsohon layin an dawo da jirgin Legas a ƙarshen 2012, amma tashar ba ta koma yadda take ba. Wanda ya leƙa zai ga taragai sun yi tsatsa a kan layukan gefe, ciyawa ta fito tsakanin katakan dogo, awaki suna kiwo inda 'yan dako suke tseren ɗora buhu. Tambayar asali kuwa ta bar bakin fatoma ta koma kan takarda. Tun tsarin mulkin 1979 aka shigar da ƙa'idar raba muƙamai tsakanin jihohi, aka kafa hukumar kula da ita a 1996, tsarin mulkin 1999 kuma ya ɗaure zama ɗan jiha da cewa uba ko uwa ko kaka ya fito daga al'ummar da ke 'yar asalin wurin. Niyyar mai kyau ce, kuma mu 'yan Arewa mun fi kowa cin moriyarta, domin ba don ita ba da ratar boko ta bar mu a baya a ma'aikatu da jami'o'i. Amma ta haifi takardar shaidar asali, wadda sai da ita ake samun gurbin karatu da tallafinsa da aikin gwamnati da shiga soja.

Na ga yadda takardar nan take yanka. Wani abokin karatuna, a Sabon Gari aka haife shi, a nan aka haifi mahaifinsa, kakansa ne ya zo gyaran injin jirgi. Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗi, har karin magana yake jefawa. Da lokacin neman jami'a ya yi, mu muka bi ta wurin mai unguwa da dagaci da hakimi muka karɓo tamu cikin 'yan kwanaki. Shi aka ce ya tafi garinsu. Ya hau mota kwana guda zuwa wani ƙauye da bai taɓa kwana a cikinsa ba, inda ba ya jin harshen sosai, can ma sai da wani tsoho ya rantse ya san kakansa kafin a sa masa hannu. Da ya dawo ya ce da ni, "Ɗan'uwa, a can ce mini suke Bahaushe." Ban sami abin da zan ce masa ba. Kafin wani ya ce ai haka ya kamata, ya tuna da Hausawan Jos, waɗanda kakanninsu suka je haƙar kuza tun farkon ƙarni na 20, ƙaramin jirgin Zariya zuwa Jos ya riƙa jigilarsu daga 1914, har yau kuma ana ce musu 'yan ci-rani, an kuma zubar da jini a kan haka a 2001 da 2008. Abin da muke kuka da shi a can shi muke yi wa wasu a nan.

Kano ta san hanyar da ta fi wannan, ta kuma nuna. Sabo Bakin Zuwo, wanda kowa ya san asalinsa na Nufawa ne, an zaɓe shi gwamna a 1983. Malam Ibrahim Shekarau, wanda mahaifinsa ya zo daga ƙasar Biu, ya yi gwamna daga 2003 zuwa 2011. 'Yan adawa sun taɓo zancen asali, masu ƙuri'a suka yi biris da shi. Wannan ita ce Kanon da ake wa kirari da tumbin giwa, ita nake so a faɗaɗa ta ƙetare titin da ya raba Fagge da Sabon Gari.

Akwai kuma gyaran da ya shafi cikin gidajenmu. Mun iya faɗar asali idan yana da daɗin faɗa. Kowa yana so salsalarsa ta tuƙe a Makka ko Yaman ko Bagadaza, ko a gidan wani mai tuta. Ba kasafai za ka ji mai cewa kakarsa baiwa ce da aka kamo daga kudancin Zazzau ko ƙasar Ningi ba, ko kakansa a gandun sarki ya tashi, ko Bamaguje ne da ya musulunta jiya-jiya, alhali kuwa sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewa, kuma bayi da cucanawa kaso ne babba na mutanen ƙasar Kano a ƙarni na 19. Ina zuriyarsu ta tafi? Mu ne. Amma sai a zo neman aure a tono wannan a hana yaro mai ilimi da tarbiyya mata, a ce ba shi da asali, kamar akwai ɗan Adam da ya faɗo daga sama. Yanzu kuma ga wata sabuwar fitina a Facebook da TikTok, matasa suna zagin juna a kan wane ne Bahaushe zalla, wane ne Bafulatani, suna ɗora wa ƙabila guda laifin 'yan bindigar daji. Mai irin wannan magana ya je ya zauna gaban tsohuwar gidansu ya ce ta lissafo masa kakanni huɗu ta wajen uwa da huɗu ta wajen uba. A birnin Kano da wuya ya ƙare lissafin bai ci karo da wanda yake zagi ba.

A 2021 aka ƙaddamar da aikin sabon layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya, da wani daga Kaduna zuwa Kano. Idan Allah ya nufa aka gama, wasu baƙin za su sauka, cikinsu har da Katsinawan Maraɗi, zuriyar waɗanda suka bar Katsina bayan jihadi, 'yan'uwan da iyakar Faransa da Ingila ta mayar 'yan wata ƙasa. Kafin ranar ta zo, ina roƙon Hukumar Jiragen Ƙasa da gwamnatin jiha kada a bar tsohuwar tashar ta ruguje ko a yanka filinta a yi shaguna. A adana ginin, a tattara rajistar ma'aikata da tsofaffin hotuna, a sa ɗaliban tarihi na Jami'ar Bayero su bi tsofaffin ma'aikatan Reluwe da ke raye a Fagge da Sabon Gari da Gwagwarwa su naɗi muryoyinsu, Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Banufe, kowa ya faɗi ranar da kakansa ya sauka da abin da ya zo da shi. 'Yan majalisarmu na jiha da na tarayya kuma su tsaya a gyara dokar, yadda duk yaron da aka haifa a Kano, ya tashi a Kano, iyayensa suna biyan haraji a Kano, zai karɓi takardarsa a ƙaramar hukumar da aka yanke masa cibiya.